Bazarar da Muka Haƙa wa Intanet Rami

Bazarar bana ta fara cizo da wuri. Tun kafin hantsi ya ɗaga ƙasa take ɗaukar zafi, idan ka taka ba takalmi sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Shekaranjiya bayan azahar ina kishingiɗe a gindin darbejiyar ƙofar gida, rediyo a kan cikina, sai na ji wani babban mutum daga birni yana bayani da murya mai sanyi, irin ta wanda bai taɓa bin layi a bakin rijiya ba. Ya ce nan ba da jimawa ba za a kawo intanet mai gudu kowace mazaɓa, har manomi ya zauna a gonarsa ya san yadda ake sayar da masara a ƙasashen waje. Na yi dariya har rediyon ya zame daga cikina. Ni ai na taɓa haƙa wa intanet rami da hannuna. Kuma ba ni kaɗai ba, gari guda na ja muka haƙa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Saji da Rurum, a gangaren wani dutse. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai masu jin kunya. A wancan lokacin rijiya ɗaya muke da ita, gaba goma sha huɗu, a can ƙasan gari inda gangaren ya ƙare. Kakanninmu suka haƙa ta, suka jera mata duwatsu a baki. Mu muke sha, dabbobinmu su sha, Fulanin da ke zaune a bayan dutse su ma nan suke kawo tuluna.

Rijiyar tana da haƙƙinta a kanmu, sau ɗaya a shekara. Idan bazara ta kusa ƙarewa, ruwa ya ja baya har kana jin guga na kartar ƙasa, sai Baba Haruna, dattijon da ya gaji kula da ita daga ubansa, ya tsayar da ranar yasa. Kwana uku ake yi. Mutum ɗaya ya shiga da igiya a ƙugu, yana cika kwando da laka da tsofaffin gugaye da duk abin da shekara ta zuba a ciki, na sama suna ja. Sannan a gyara duwatsun baki. A rana ta uku a kwaɓa jar ƙasa a tayar mata da ganuwa kewaye, tsayin gwiwa, don kada ruwan sama ya gangaro ya shiga, tunda damuna takan cinye ta bara. Idan ka yi yasa da wuri ruwa ya yi yawa, ba ka isa ƙasa. Idan ka makara ruwan farko ya riga ka. 'Yan kwanaki ne kawai a tsakani, kuma Baba Haruna ne yake ganinsu a sama.

Mai shiga kuwa ni ne. Allah ya yi ni siriri kamar tsinken tsire, ba nauyi, ba tsoro, ba hankali sosai. Wannan ne kaɗai aikin da gari ya yarda na iya.

Shekarar da nake ba ku labari, Shari'a ta riga ta zauna, siyasa kuma ta dawo da ƙarfinta. Makaɗin gayyarmu ya rataye gangarsa ya koma sayar da rake. Wayar hannu ta iso Rano, masu ita a garinmu ba su fi uku ba, kuma sai sun hau kan dutse suke samun sabis, ka hango mutum tsaye a can yana ihu shi kaɗai kamar mai korar birai. Damunar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin lokaci, tuwon dare ya koma na awo. Ruwan rijiya kuma ya ja baya da wuri fiye da yadda aka saba.

Ana saura kwana huɗu yasa sai ga kansilanmu a farar mota, tare da wani mutum mai tabarau da takarda a naɗe. Aka ce Injiniya ne. Aka tara mu a firamare, a ajin da ke da sauran rufi. Injiniya ya ce gwamnati za ta shimfiɗa waya a ƙarƙashin ƙasa, ta bi bakin titi, kuma an zaɓi 'yan garuruwa da za a ja musu reshe. Za a zuba kwamfutoci a wannan ajin da muke zaune. Na ɗaga kai na dubi kwanon da iska ta yage, na ga sama, na ce a raina to su ma kwamfutocin za su sha iska.

Baba Haruna ya tambaya ko a cikin takardar akwai maganar ruwa, tunda an yi mana alkawarin famfo tun zaɓen farko. Injiniya ya yi murmushin da ake yi wa tsoho, ya ce ai idan intanet ta zo, mu da kanmu za mu rubuta kukanmu ya isa gaban manya kafin mu idar da alwala, ruwa kuma zai biyo baya. Liman ya tambayi maganar ɗakin shan magani da ya shekara biyu a kulle. Aka ce da intanet likita zai duba mutum daga birni. Duk abin da aka tambaya, intanet.

Da a nan aka tsaya, da mun yi addu'a mun watse. Amma kansila ya san mutanensa. Ya rage murya ya ce reshe ɗaya ne ya rage a wannan yanki, kuma garin da ya riga haƙa rami daga titi zuwa makarantarsa shi za a ba. Ya ce mutanen ƙetaren rafi sun riga sun ji labari.

Ku da ba 'yan nan ba ba za ku gane ba. Mutanen ƙetaren rafi 'yan uwanmu ne, muna aure a cikinsu suna aure a cikinmu, amma tun zamanin kakanni idan suka gina masallaci sai mun ƙara wa namu tsayi. Sun riga mu samun injin niƙa, shekara biyar muna jin zafin abin. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wallahi ko intanet ɗin kunama ce, gara ta harbe mu da ta harbe su. Aka yi kabbara. Kafin in zauna an naɗa ni shugaban kwamiti, saboda ni na fara magana, kuma na iya rubuta sunana. Aji uku na yi a firamare, aji biyu ma sau biyu na yi shi.

Da aka fito Baba Haruna ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ga tururuwa na kwashe ƙwansu zuwa tudu, iska kuma ta fara juyowa daga kudu da yamma, a bari a yi yasa tukuna, kwana uku ne. Na ce ramin ma ai kwana biyar ne, da mun gama sai rijiya. Na ce rijiyar da ta jira shekara ba za ta kasa jiran mako ba.

Ya dube ni ya ce, "Tanimu, hadari bai san kana da kwamiti ba."

Na ce, "Baba, za mu aika masa takarda."

Wannan maganar har yau ana maimaita mini ita a wurin suna da wurin zaman makoki.

Gayyar da aka tanada domin rijiya, da gerun furar da aka tara gida gida domin ta, duk muka juya su kan rami. Injiniya ya kafa turaku masu jan fenti ya tafi. Ya ce zurfin ya kai ƙugu, faɗin ya ɗauki mutum. Muka fito da diga da shebur da fartanya tun bayan sallar asuba. Ƙasar wajenmu a ƙarshen bazara ba ƙasa ba ce, marmara ce. Ka ɗaga diga ka buga, ta yi tsalle ta dawo, hannunka ya yi tsami har kafaɗa. Kafin hantsi riga ta jiƙe, kafin azahar ta bushe ta yi farin gishiri. Ba ganga, sai numfashi da ƙarar ƙarfe. Wani ya ce a riƙa salati da ƙarfi a maimakon kiɗa, aka yi na rabin yini, maƙogwaro ya bushe, kowa ya koma yi a zuci.

Ita kuwa rijiya tana can tana ƙara ja baya, don laka ta toshe idanun ruwa. Maiɗakina Talatu takan fita da assalatu da tulu biyu. Mata su zauna kewaye da bakin rijiya suna jiran ruwa ya taru, a zura guga ya fito da rabi, rabin ma laka. Ta dawo rana ta take da tulu ɗaya. A zuba a randa ya kwanta. Na sama na sha ne da girki. Na tsakiya na alwala, buta ɗaya mu uku. Na ƙasa mai kauri a wanke kwanuka da shi, sannan a ba awaki, su ma su shinshina su dube ka. Wanka ya zama na Juma'a, daga baya Juma'ar ma ta zama ta shafa. Liman ya yi mana bayanin taimama sau biyu, har ya nuna a aikace. Furar da ake kawo mana wurin aiki kullum sai ƙara kauri take, har ta kai ana cinta da hannu.

Talatu kuwa duk sanda ta ajiye mini kwano takan ce, ga shi, Shugaba. Shekara goma sha ɗaya muna tare ba ta taɓa kirana da komai ba sai Malam.

A rana ta huɗu ba mu ci ko rabi ba. Na hau tudu na duba turakun Injiniya, na ga sun yi wani dogon zagaye, sun bi bayan makabarta, sun hau, sannan suka sauko makaranta. Na ce wannan mutum bai san wahalar diga ba. Ga hanya miƙaƙƙiya daga titi, ta gangaro ta gefen rijiya, taku goma tsakani, ta ɗan haura zuwa makaranta. Ƙasar wajen ma ta fi taushi. Na tuge turakun da hannuna na sake kafa su. Jama'a suka yaba. Wani ya ce da na yi aji shida da ni ne Injiniyan. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mai karatu ya guje wa gangare ba. Baba Haruna a ranar yana kwance da zazzaɓi, da ya warke ya fito ya ga inda rami ya bi, sai ya zauna a kan dutse ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Ya ce a cike wannan yankin. Na ce saura kwana biyu, Baba, a zo a saka waya a rufe.

Kwana tara muka yi. Muka aika wa kansila cewa an gama, ya aiko da cewa madalla. Aka tsayar da yasa ranar Asabar.

Ranar Alhamis bayan la'asar gari ya yi tsit. Ganye ba ya motsi, kaji sun buɗe baki. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da sanyi da wannan ƙamshin ƙasa da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Yayyafi ya fara da manyan ɗigo, ɗai ɗai, kowanne na tayar da ƙura. Mata suka fito da kwarya da roba da tukwane suna jerawa a ƙarƙashin indararo. Na tsaya a tsakar gida na cire hula na bar shi yana dukan kaina, ina jin daɗi, wallahi ina jin daɗi. Sai na ji wata ƙara daga wajen titi, kamar garken shanu na gudu.

Duk ruwan da ya sauko daga dutse, wanda da yakan bazu a gonaki ya bi ta bayan gari, ya zo bakin titi ya tarar mun gyara masa hanya. Ya shiga ramin. Na fita da gudu na bi shi, ya fi ni sauri. Jajawur, ɗauke da kara da kashin awaki da tsumma da duk abin da ke juji. Da ya iso kwanar da ke kusa da rijiya, inda ramin zai haura, bai ga dalilin haurawa ba. Ya fasa gefe, ya tsallake guntun ganuwar bara da ba mu tayar ba, ya zuba. Ban taɓa jin rijiya na haɗiya ba sai ranar. Can sai duwatsun baki suka fara tafiya, ɗaya, biyu, sannan gefen arewa gaba ɗaya ya rufta.

Baba Haruna yana tsaye a cikin ruwan, riga ta manne masa. Mutane suka taru. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Da gari ya waye na ɗauko igiya na ɗaura a ƙugu, na ce a zura ni. Baba ya ce ba mai shiga sai rani, bango ya jiƙe, ko tari ka yi a ciki zai rufe ka. Na nace, don ina so a ga na nace.

Ya ce, "Ba zan riƙe maka igiya ba. Kuma kada ka ɗauka tausayinka nake ji. Gawarka za ta ƙarasa ɓata mana ruwan."

Daga nan muka koma ƙetaren rafi da tuluna da jakuna. Su ko shebur ɗaya ba su ɗaga ba. Ashe da kansila ya je musu da zancen, sun ce sai sun gama yasa. Taubashina Ɗanjuma, ɗan ƙanwar babana, shi ke zama a bakin rijiyarsu, kuma ya mai da ni sana'a. Da ya hango ni da jaki sai ya miƙe ya cire hula, ya ce a ba Shugaba hanya. Ya ce shi ya ji an ce mutanen intanet ba sa zuwa ɗibar ruwa, rubutawa suke ya zo. Ya ce ko in ba shi aron ramin na kwana biyu, yana da gonar da ruwa ba ya kaiwa. Na ce masa da ba don mu ba da wa za ku yi wa gori, ku da ba a taɓa yi muku ko alkawari ba. Ya ce gaskiya ne, su Allah bai ba su alkawari ba, ruwa kawai ya ba su. Shi ke ja mini gugan kuma, har ya ɗora mini tulun a kan jaki.

Wannan ma bai daɗe ba. Da damuna ta kankama rafi ya cika, wata rana a ƙetare, kwana uku ba a ƙetarewa. Muka koma kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, inda shanu ke sha. A tace da mayafi, a bar shi ya kwana, a tafasa idan akwai busasshen kara, kuma a damuna ina busasshen kara. Ga ruwa ko'ina, a sama, a gona, a tsakar gida, a kan tabarma, amma na sha babu sai ranar da aka tara na indararo. Ciwon ciki ya bi gari gida gida, daidai lokacin noman farko, lokacin da ciyawa ba ta jira kuma hatsi ya ƙare. Ka ga ƙato ya yi kunya uku ya jefar da fartanya ya ruga bayan geza. Muka ci tafasa da rama da ɗan garin da ya saura. Ɗakin shan magani yana nan da kwaɗonsa, gara ta hau ƙofar. Talatu ta yi kwana shida a kwance, idanunta suka faɗa, sai a kan babur aka kai ta Rano, ni a baya ina riƙe da ita, laka har gwiwa. Allah ya tashe ta. Akwai gidajen da ba a tashi ba, kuma ba zan yi wasa da wannan ba.

Rijiyar sai da rani muka buɗe ta, mu da kanmu, kwana goma sha ɗaya, ni a ciki. Ramin kuwa bai ciku ba. Ya zama kwazazzabo, duk damuna sai ya ƙara cin gonar wani, yanzu sai an kewaya. Intanet ta zo daga baya da ƙafarta, ba ta bi ta kan kowa ba, yau kusan kowane aljihu da waya, matasa na zaune a layin rijiya suna kallon yadda famfo ke zuba a gidajen wasu ƙasashe. Ajin nan na firamare kuwa sauran rufin ma ya tafi.

Amma Injiniya ya dawo, kada in ci haƙƙinsa. A cikin waccan damunar ce, lokacin gero ya fara fitar da kai, Talatu ba ta daɗe da tashi ba. Ya bar motarsa a titi don ba ta iya shigowa, ya tako da ƙafa yana ɗaga wando. Aka nuna masa gidan Shugaba. Muka je ya tsaya a bakin ramin, ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce ai ba nan ya kafa turaku ba. Na ce haka ne. Ya ce to ba komai, dama tsarin ya canza, an ga wayar ƙasa ba za ta yiwu a nan ba, yanzu ta iska za a kawo, da dogon ƙarfe, ba a bukatar rami. Ya ce mu cike shi don kada wani ya faɗa, kuma mu fara tunanin filin da za mu bayar a kafa ƙarfen. Bai tambayi me ya sami rijiyar da ke gabansa ba. Ina jin ya ɗauka dama haka take.

Muka dawo zaure. Rana ta buɗe bayan ruwa, irin mai turiri, Injiniya ya haɗa gumi sharkaf. Ya zauna a tabarma ya ce ko za a taimaka masa da ruwa. Na leƙa cikin gida na faɗa. Akwai na indararo a ƙaramar randa, na sani, wanda ake ajiye wa marar lafiya da baƙo. Talatu ta fito a hankali da mayafinta, tana dafa bango, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ajiye masa kwanon sha a gabansa, ta buɗe faifan. Na kududdufi ne, ko tacewa ba ta yi ba. Ja, da ɗan abu mai wutsiya yana iyo a ciki.

Injiniya ya duba kwanon, ya dube ni. Ni kuwa na sami abin kallo a rufin zaure.

Talatu ta ce, "Bismilla, Injiniya. Shi ne ruwan da ka ce zai biyo baya."